Sabon littafi ya fito: a saya yau, a jira mai bangon takarda, ko a hau layin laburare?

Manyan kamfanonin buga littattafai na Amurka sun saba sakin sababbin littattafai ranar Talata, na Birtaniya kuma galibi ranar Alhamis. Ke nan babu makon da zai wuce ba a fito da abin da zai ɗauke hankalin ɗalibin da ya kamu da son ƙagaggun labaran matasa ba, irin waɗanda ake rubutawa don 'yan shekara 12 zuwa 18. Kuɗin aljihunsa kuwa ba mako-mako suke ƙaruwa ba, lokacinsa ma darasi da aikin gida da jarrabawa sun riga sun cinye rabinsa. Ga kuma littafin nan guda yana zuwa ta ƙofa biyar: mai bangon kwali, mai bangon takarda, na karantawa a allo, na saurare, da wanda za a aro. Kafin ka zaɓi ƙofa, tambaya biyu za ka yi wa kanka, ka kuma amsa tsakaninka da Allah. Yaushe zan zauna in karanta shi? In na gama, zan sake komawa kansa? Mafi yawan kuɗin da masu son littafi ke asara, a kan ƙin amsa ta farko suke tafiya.

Mai bangon kwali, ranar da ya fito

A kasuwar Amurka shi ne yake fara fitowa, shi ne kuma mafi tsada a cikin na takarda. Watanni kafin ranar za ka ga marubuci da kamfaninsa suna ta roƙon a yi oda tun kafin littafin ya fito. Suna da dalili. Duk odar da aka yi kafin ranar ana haɗa ta cikin cinikin makon farko, cinikin makon farko kuwa shi ke kai littafi jerin waɗanda suka fi kasuwa, shi kuma ke nuna wa shaguna kwafi nawa za su ɗauka. Don haka ake yi wa bugun farko kwalliya: a fesa wa gefen shafuka launi, a zana taswira a cikin bango, a liƙa shafin da marubuci ya sa wa hannu, wani lokaci a ƙara babi guda da sai a wani shago kaɗai ake samunsa.

Wannan kwalliya sau da yawa a bugun farko take tsayawa. In don ita kake saye, buɗe shafin da ke bayan shafin suna, inda aka rubuta haƙƙin mallaka. Can ƙasa za ka ga jerin lambobi kamar 10 9 8 7 6 5 4 3 2 1, ko a cakuɗe kamar 1 3 5 7 9 10 8 6 4 2. Lamba mafi ƙanƙanta a jerin ita ce ke faɗa maka bugu na nawa ke hannunka. In babu 1, sai daga 2 ya fara, to bugu na biyu ne. In ta intanet kake oda, hoton bango ba hujja ba ne, domin shago kan bar tsohon hoto alhali kayan da ke ajiye sun canza. Lambar ISBN za ka duba, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayan bango, mai lambobi 13 tun daga shekarar 2007. Kowane irin bugu da tasa lambar: mai kwali daban, mai takarda daban, na musamman daban.

Abubuwan da ke ɓaci a nan ba su da yawa, amma suna da ciwo. Wasu shaguna ranar fitowar suke aiko da littafi, ba ranar zai iso hannunka ba, sai ka biya kuɗin gaggawa ka kuma yi jira. Ranar fitowa kanta takan matsa gaba in an samu cikas a maɗaba'a ko a jigila. Mai kwali mai shafi 400 yakan kai rabin kilo ko fiye, ga littattafan makaranta a jaka. Rigar takardar da aka lulluɓe shi da ita tana yagewa daga sama da ƙasan gadon baya da zarar ta shiga jaka ta fita sau biyu, saboda haka a cire ta a ajiye a gida har a gama karatu. Shafukan da aka fesa wa launi kuma sukan manne da juna. Kada ka sa farce ka ja. Riƙe shafukan gaba ɗaya, ka ɗan lanƙwasa su a hankali dama da hagu, sannan ka bi su da babban yatsa kamar mai ƙirga kuɗi, za ka ji suna rabuwa da ɗan sauti.

To yaushe ya cancanta? A ganina wuri ɗaya ne ba ya da gardama: littafi na biyu ko na uku a jerin da ka riga ka karanta na farkonsa, kana jiransa tun bara, kuma abokanka da shafukan da kake bi a TikTok ko Instagram za su fasa ƙwai kafin sati ya zagayo. A nan abin da kake saye shi ne ka riski ƙarshen labari da idonka kafin wani ya gaya maka wa ya mutu. Amma marubucin da ba ka taɓa karantawa ba, don kawai bangon ya yi kyau kuma ana ta hayaniya a kansa? Wannan caca ce, kuma kai ne za ka biya mafi tsada. Haka nan in ranar fitowar ta faɗo mako uku kafin jarrabawa. Ko dai littafin ya cinye maka daren bita, ko ya zauna kan kanta wata biyu, ya zamana ka biya kuɗin ranar farko a kan abin da ka buɗe a rana ta sittin.

Jiran mai bangon takarda

A Amurka tazarar da ke tsakanin mai kwali da mai takarda takan kai kusan shekara guda. A Birtaniya kuwa yawancin labaran matasa da bangon takarda suke fara fitowa kai tsaye. Wannan bambanci yana da amfani: kafin ka yanke cewa sai ka yi jiran shekara, bincika ko akwai bugun Birtaniya na littafin. Sai dai ka lura, bangon yakan bambanta, wani lokaci har suna, kada ka sayi littafi ɗaya sau biyu.

Mai jira yana samun abin da mai gaggawa bai samu ba. Ƙurar talla ta lafa, waɗanda suka karanta da gaske sun faɗi ra'ayinsu. Kurakuran ɗab'i da aka gano a bugun farko galibi an gyara su. Kamfanoni kuma sun saba sakin mai takarda dab da fitowar littafi na gaba, har su liƙa babinsa na farko a ƙarshe, don haka mai jira yakan gama na ɗaya ya tarar na biyu na bakin ƙofa. Ga sauƙin ɗauka, ga sauƙin ba wa aboki aro ba tare da zuciya na dukan uku-uku ba.

Rauninsa a gadon baya yake. Ba ɗinki aka yi wa shafukan ba, gam ne ya riƙe su. In ka buɗe sabon littafi a tsakiya ka danne shi, gam ɗin zai tsage a layi guda, daga nan kullum a wurin zai riƙa buɗewa har shafuka su fara zubowa. Maganin minti biyu ne. Kafa gadon bayan a kan tebur, ka kwantar da bangon gaba da na baya, sannan ka riƙa kwantar da shafuka goma-goma daga gaba, goma-goma daga baya, kana shafa gindinsu da yatsa a hankali, har ka haɗu a tsakiya. Takardar ma mai araha ce, rana da danshi suna sa ta yi ja, don haka kada a jera su a bakin taga.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai bin jerin littattafai ya yi. Labari mai kashi uku, in ana sakin kashi ɗaya duk shekara, shekara biyu ke nan tsakanin na farko da na ƙarshe, in marubuci bai makara ba. Wanda ya fara da mai takarda sannan haƙuri ya ƙare masa ya sayi na biyu mai kwali, zai ƙare da littattafai masu tsayi daban-daban a kanta. Wani lokacin ma kamfani ya sauya fasalin bango a tsakiyar tafiya. In daidaiton kanta ya dame ka, zaɓi iri ɗaya tun farko ka daure. Wasu kuma sun ɗauki ƙa'idar ba za su fara jeri ba sai ya kammala. Ƙa'ida ce mai hankali ga aljihu, sai dai tana da wani gefe: in cinikin na farko ya yi rauni, kamfani na iya fasa buga sauran, kowa ya tashi a tutar babu. Mai son marubuci sabon shiga ya san da wannan.

Na allo

In gaggawa ce kaɗai damuwarka, na allo ya fi mai kwali. Wanda ya yi oda tun farko yakan tarar da shi a manhajarsa da tsakar daren ranar fitowa, babu jiran mai kawo saƙo. Labari zalla ba hotuna bai cika wuce megabait biyar ba, don haka data ba matsala ba ce. Kana iya ƙara girman rubutu, ka kuma danna kalma ƙamus ya fito maka da ma'anarta nan take. Ga mai karatu da harshen da ba nasa na gida ba, wannan kaɗai ya isa dalili. Sannan ga abin da mutane da yawa ke mantawa da shi: shagunan littattafan allo na Kindle da Kobo suna ba da ɗanɗano kyauta, a Kindle kusan kashi goma cikin ɗari na farkon littafin. A littafi mai shafi 350 wannan ya kai babi biyu ko uku. Ko da na takarda za ka saya a ƙarshe, fara da wannan. Muryar mai ba da labari ita ce jigon labaran matasa, yawancinsu da bakin jarumin ake ba da su, kuma shafi ashirin sun isa ka gane ko za ka iya zama da wannan murya tsawon awa shida.

Abin da ka saya a nan izinin karantawa ne. Yawancin littattafan manyan kamfanoni suna ɗauke da makullin da ke ɗaure su da asusunka da manhajar shagon, don haka wanda ka saya a Kindle ba zai buɗe a na'urar Kobo ba. Ba ka iya sayar da shi in ka gama, ba ka iya miƙa wa ƙanwarka yadda za ka miƙa na takarda. A watan Fabrairun 2025 ma Amazon, mai Kindle, ta cire damar sauke littafin Kindle a kwamfuta don tura shi na'ura ta kebul. In ka mance kalmar sirrin asusun da ka buɗe da imel ɗin makaranta, makarantar kuma ta rufe imel ɗin bayan ka gama, kana iya rasa kantarka gaba ɗaya. Buɗe asusun da imel naka na kanka. Haƙƙin sayarwa kuma ƙasa-ƙasa ake raba shi, shi ya sa za ka ga littafi ya fito amma shago ya ce babu shi a yankinka.

Ba kowane labari ne ke jin daɗin allo ba. Taswirar da ke gaban labaran duniyar ƙage takan zama ɗan tabo a waya. Labaran da aka rubuta da baitoci, ko waɗanda aka gina da saƙonnin waya da wasiƙu da takardun sirri, tsarin shafinsu yana cikin labarin, in ka ƙara girman rubutu sai layuka su karye inda marubuci bai karya ba. Irin waɗannan a nemi na takarda. Waya kuma gidan saƙonni ce, babi ɗaya sai a katse ka sau biyar. Na'urar karatu mai allon tawada, wanda rubutunsa ke kama da na takarda, tana maganin wannan, cajinta na yin makonni, ana kuma ganin rubutunta a cikin rana, amma sai mai karanta littafi biyu ko uku a wata ne zai ci ribar kuɗinta.

Su kuwa fayilolin PDF na sata da ke yawo a zaurukan hira, ban da tauye haƙƙin marubuci, kaya ne marasa kyau. Shafin PDF ba ya daidaita kansa da allon waya, sai ka yi ta ja da matsawa. Wasu daga kwafin gwaji aka kwafo su, wanda ba a gama gyarawa ba, wasu babi ya ɓace a tsakiya, wasu kuma mahaɗin saukewar ne ke kai ka inda za a cusa wa wayarka manhajar ɓarna.

Na saurare

Yi lissafin lokaci tukuna. Labarin matasa yakan kama daga kalma 50,000 zuwa 80,000, na duniyar ƙage yakan haura haka. Mai karatu da ido, a kalma 200 zuwa 250 a minti, zai gama mai kalma 80,000 cikin awa biyar da rabi zuwa shida da rabi ko ɗan fiye. Mai karantawa da murya yana cin kusan kalma 9,300 a awa, ke nan littafin nan zai kai awa takwas da rabi. Saurare ya fi ɗaukar lokaci, amma lokacin da yake ci shi ne wanda da ma ba za ka riƙe littafi ba: tafiya makaranta, wanki, shara. Awa ɗaya a rana, kwana tara ka gama. Abin da ba ya yiwuwa shi ne saurare kana bitar darasi, domin dukansu biyu kalmomi ne, kunne da ido za su yi ta ƙwace da juna, ka tashi ba labari ba darasi.

Mai karantawar shi ne rabin littafin. Saurari ɗanɗanon mintunan da shago ke bayarwa kafin ka biya. In labarin na jarumai biyu ne masu karɓa-karɓa, duba ko an sa murya biyu, in ba haka ba za ka riƙa ɓacewa a kan wa ke magana. Labarin da ke da sarautu da garuruwa da sunaye ashirin na ƙage yana wahala a kunne, ba ka ga yadda ake rubuta sunan ba, ba ka da taswira, komawa baya neman wuri kuma aiki ne. Na soyayya ko na rayuwar makaranta, mai mutum huɗu ko biyar, shi ke tafiya sumul. Nauyin fayil ma a kula: awa goma a matsakaicin inganci ya kusa megabait 300, a sauke shi inda akwai intanet mai yalwa. In da dare kake saurare, saita agogon da ke kashe shi bayan minti 15 ko 30, kada ka farka ka tarar an kai babi na ashirin. Masu biyan kuɗin manhajar sauraron waƙa ta Spotify a wasu ƙasashe suna da awa 15 na littattafan saurare a wata. Littafi ɗaya da rabi ke nan, kuma in awannin suka ƙare a tsakiyar labari, a nan za a tsaya da kai.

Aro

Wannan ita ce ƙofar da ta fi dacewa da marubucin da ba ka sani ba, kuma ita ce aka fi rainawa. Inda laburare ke aiki da manhaja irin Libby, da katin laburaren za ka aro na allo da na saurare kyauta, yawanci na kwana 7, 14 ko 21, kuma littafin da kansa yake komawa, babu tarar makara. Mutane kan yi mamakin yadda fayil zai sa a hau layi. Dalilin shi ne laburare lasisi yake saye, kwafi ɗaya mutum ɗaya a lokaci guda, wasu lasisin ma suna ƙarewa. HarperCollins, ɗaya daga manyan kamfanonin buga littattafai, alal misali, tun 2011 take ƙayyade aro 26 ga kowane kwafi, daga nan sai an sake saye. A ce mutum 60 ne a gabanka, kwafi uku, kowa na riƙewa mako biyu: zagaye ashirin ke nan, mako arba'in in kowa ya cinye kwanakinsa. A aikace yakan fi haka sauri, tunda wasu na mayarwa da wuri, laburare kuma kan ƙaro kwafi in layi ya yi tsawo.

Dabarar ita ce shiga layi da wuri. Laburare da dama suna sa littafi a kundinsu tun suna odarsa, kafin ya fito, kuma ana iya kama layi tun lokacin. In babu shi, nemi fom ɗin ba da shawarar saye, ko ka gaya wa ma'aikacin laburaren makarantarku, ka ba shi suna da marubuci da lambar ISBN. Kuskuren da aka fi yi shi ne kama layi takwas rana guda, sai huɗu su iso a mako ɗaya, makon gwaji. Akwai damar dakatar da layinka ba tare da ka rasa gurbinka ba. Yi amfani da ita tun ranar da jadawalin jarrabawa ya fito.

Akwai kuma kwafin gwaji da kamfanoni ke rabawa kafin fitowa ta shafuka irin NetGalley, a madadin sharhi. Ba kyauta ce zalla ba, aiki ne mai wa'adi, shafin ma yana son ka yi sharhin kashi 80 cikin ɗari na abin da aka ba ka, kuma sai mai shekara 18 ke buɗe asusu. Ɗalibin da ya nemi goma a zumuɗin rana ɗaya ya ɗora wa kansa wani aikin gidan.

Abin dubawa kafin kowace ƙofa

Ba duk littafi mai bangon zane da launi mai haske ne na matasa ba. Labaran soyayya na manya da yawa yanzu irin wannan bango suke sawa, kuma a bidiyo ɗaya ake tallata su da na matasa. Duba shekarun jarumin: in ɗan 15 zuwa 18 ne, alama ce mai kyau, in ya haura ashirin yana jami'a ko aiki, wani rukuni ne. Duba shafin kamfanin, sukan rubuta shekarun da aka nufa, kamar 12 zuwa sama ko 14 zuwa sama, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ba ƙarama ba ce. Manhajar StoryGraph tana tara gargaɗin da masu karatu suka rubuta kan abin da ke ciki. Taurarin Goodreads kuwa, shafin da masu karatu ke ba littattafai maki, kafin ranar fitowa kada ka dogara da su, domin shafin na barin mutum ya ba da tauraro biyar ko ɗaya ga littafin da bai gani ba. Jira mako biyu ko uku, sannan ka karanta sharhin masu tauraro uku. Su ne suka fi faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba, misali ko tsakiyar labarin ta yi jan ƙafa, ko an yanke ƙarshen an bar mutum a rataye sai shekara mai zuwa.

In an haɗa duka, ga yadda zan raba wa ɗalibi mai littattafai goma a zuciya da kuɗin biyu a aljihu. Ci gaban jerin da yake bi, wanda zai buɗe a daren da ya iso, shi ne na saye ranar farko, mai kwali in yana son ajiyewa, na allo in sauri kawai yake so. Wanda ya aro ya karanta ya kasa mantawa, ya saye shi da bangon takarda in ya fito, tunda ya riga ya san zai koma kansa. Sauran takwas ɗin ya sauke ɗanɗanonsu a daren Juma'a ɗaya, ya karanta shafi ashirin-ashirin. Waɗanda suka riƙe shi ya kama musu layi a laburare, biyu-biyu, na gaba ya dakatar da layinsa sai makon da aka ba da hutu.